Haɗarin zaftarewar dusar ƙanƙara ya kai mataki na 3, in bi abokaina dutse ko in haƙura?

"Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne daga Maradi, wannan ne sanyina na farko a birnin Grenoble na Faransa. 'Yan ajinmu sun gayyace ni ranar Lahadi mu hau tsaunin Belledonne da takalmin raket (faffaɗan abin da ake ɗaurawa a ƙafa don kada a nitse cikin dusar ƙanƙara), can wajen da babu injin ɗaukar mutane kuma babu masu tsaro. Na ji ana cewa dusar ƙanƙara tana zaftarowa ta binne mutum, da na tambaya sai ɗayansu ya ce haɗarin 3 ne cikin 5, wai tsaka-tsaki ne ba komai, kuma ai mutane sun riga sun taka hanyar. Don Allah ta yaya ake gane wuri zai zaftare? In je ko in haƙura?"

Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da sanyi. Wallahi na ji daɗi da ka yi tambayar nan tun kafin Lahadi. Idan na fahimce ka abu biyu kake son sani, na farko ko mutum zai iya duban dusar ƙanƙara ya gane lafiya take ko tana jiran wanda zai taka ta, na biyu kuma ko maganar abokinka cewa 3 tsaka-tsaki ne gaskiya ce. Ni aikina injiniya ne na ƙasa da gangaren hanyoyi, kuma na daɗe ina hawa duwatsun nan da siki (dogayen allunan sulu a kan dusar ƙanƙara) duk sanyi, na yi kwasa-kwasan ƙungiyar ANENA mai nazarin dusa da zaftarewarta da ke nan Grenoble, ina kuma fita da sababbi a kulob ɗinmu na sa kai. Ni ba jagoran dutse mai lasisi ba ne, wannan matsayi ne daban mai jarabawa mai tsanani, saboda haka ka ɗauki maganata a matsayin ta yayanka da ya riga ka shan sanyin wurin.

Bari in fara da lambar nan 3 don ita ce ta fi tayar min da hankali a saƙonka. Tun 1993 ƙasashen Turai suka haɗu kan ma'auni ɗaya mai hawa biyar, kuma hukumar yanayi ta Météo-France tana fitar da sanarwar haɗarin zaftarewa da ake kira BRA (ko BERA) kullum wajen ƙarfe huɗu na yamma, kowane jerin tsauni da tasa, ta Belledonne daban ta Chartreuse daban ta Vercors daban. Toh mutum in ya ga 3 cikin 5 sai ya lissafa kamar makin jarabawa, ya ce ai rabi ne da ɗan ɗoriya. Ba haka ma'aunin yake tafiya ba. Mataki na 5 da wuya a gan shi, shine ranar da dusa ke saukowa har kan tituna da gidaje, a mataki na 4 kuwa yawancin mutane da kansu suke zama gida don tsoro. Na 3 shine ranar da sama ta washe, dutse ya yi fari tas yana ƙyalli, kowa ya fito, alhali a gangare da yawa nauyin mutum ɗaya ya isa ya ɓalle ta. Cibiyar binciken dusa da zaftarewa ta SLF da ke Davos a Suwizalan, wadda ta daɗe tana wannan lissafi, ta nuna kusan rabin waɗanda ke mutuwa a ƙasarsu a mataki na 3 suke mutuwa, kusan kashi 30 cikin ɗari kuma a mataki na 2. A nan Faransa a matsakaici mutum wajen talatin ke rasa rai duk shekara, kuma a cikin goma kusan tara su ne ko wani a tawagarsu ya tayar da abin da ƙafarsa.

Yadda dusa take kwanciya

Mu da muka taso a Damagaram ko Maradi in muka ga dutse ya yi fari sai mu ɗauka abu ɗaya ne tun daga sama har ƙasa, kamar an zuba gari. In ka haƙa rami a ciki za ka ga hawa-hawa ce, kowace zuba da ta sauko tun watan Nuwamba ta bar shimfiɗarta, wata tauri wata laushi, wata ta narke da rana ta daskare da dare ta zama ɓawo. Zaftarewar da ta fi kashe mutane tana buƙatar abu uku su haɗu kafin na huɗu ya zo, wato shimfiɗar sama wadda ta kama jikinta ta zama kamar faranti guda (Faransawa na ce mata plak), sai shimfiɗa mai rauni a ƙarƙashinta, sai gangare mai tsayi, na huɗun kuma shine kai da ka zo ka taka.

Ka tuna in gero ya zube a kan siminti aka shimfiɗa tabarma a kai, yaro ya shigo da gudu ya taka. Tabarmar lafiyarta lau, simintin ma lafiya lau, geron da ke tsakani ne ya kwashe shi. Haka abin yake, sai dai a dutse tabarmar tana iya kai faɗin filin ƙwallo da kaurin rabin mita ko mita guda, kuma in raunin ya karye a ƙarƙashin ƙafarka karayar tana gudu ta ƙarƙashi cikin ƙiftawar ido, sai farantin ya tsage can sama da kai, kaga kana tsakiyarsa kenan lokacin da ya fara tafiya. Cikin 'yan daƙiƙu gudunsa ya kai na mota a babbar hanya, babu mai tsere masa da raket a ƙafa.

Geron nan daga ina yake zuwa? Mafi yawa daga kwanakin da ake tsananin sanyi babu gajimare kuma dusar ba ta da kauri. Ƙasa a ƙarƙashi tana nan kusa da digiri sifili, sama kuma ta yi sanyi ƙwarai, in bambancin ya kai wajen digiri 10 a kowace mita sai tururi ya riƙa tasowa ta cikin dusar yana sauya siffar ƙwayoyinta, su zama masu kusurwa, basa manne wa juna. In ka damƙa a hannu ba za ta dunƙule ba, zubewa take yi ta tsakanin yatsu kamar sukari. Akwai kuma raɓar da ke daskarewa a saman dusa da dare, da safe ka ganta tana walƙiya kamar ƙananan gashin tsuntsu, gwanin kyau, amma in sabuwar dusa ta sauko ta binne ta a tsaye toh an kafa tarko. Irin wannan rauni yana iya zama makonni har watanni a ɓoye, musamman a gefen da ke kallon arewa inda rana bata taɓawa a Disamba da Janairu, kuma daga sama babu abin da zai nuna maka.

Sai iska, wadda ita ce maginin farantin. Wannan kam mun san shi tun gida, ka ga yadda hunturu ke share rairayi daga fili ya tara shi a bayan katanga. Iska tana kwashe dusa daga gefen da take bugawa ta jibge ta a gefen da ke ɓoye, bayan doron tsauni, cikin kwari, kuma tana niƙa ƙwayoyin su yi ƙanana su manne sosai. Dusa santimita 20 ta sauko da iska tana iya zama santimita 60 ko fiye a bayan doro. In ka ga leɓen dusa ya leƙo daga ƙoƙuwar tsauni kamar rumfa, gefen da ya leƙa nan ne aka yi jibgin. Shi ya sa ranar farko da rana ta fito bayan an yi zuba da iska ita ce ranar da na fi tsoro a duk sanyi, kuma ita ce ranar da kowa ke ɗokin fita.

In bazara ta kawo kai, wajen Maris da Afrilu, matsalar takan koma ta jiƙa. Da dare in sama ta washe dusa ta daskare ta yi tauri, da hantsi rana ta fara narkar da ita, zuwa azahar ruwa ya ratsa ta sai ta saki. A wannan lokacin agogo ne ke hukunci, mu kan yi sallar asuba a wajen ajiye mota mu kama hanya da fitila a goshi, kafin sha biyu mun sauko. In ƙafarka ta fara nitsewa har ta wuce wuyan takalmi cikin dusa mai ruwa-ruwa ka makara, juyawa ake yi.

Abin da ido da kunne ke iya kamawa

Akwai alamomin da in ka gamu da ko ɗaya magana ta ƙare. Ganin sabuwar zaftarewa a gangare mai kallon inda naka ke kallo, wannan dutse ne ya riga ya ba ka amsa. Tsagewa da ke gudu daga bakin takalminka. Sai kuma ƙarar nan. Wata shekara cikin Janairu muna mu huɗu a Belledonne, mun fito daga cikin itatuwa muka shiga wani fili kusan shimfiɗaɗɗe, ina gaba ina fasa hanya, sai na ji dummm a ƙarƙashina, ƙasa-ƙasa kamar an saki buhun siminti a ɗakin da ke makwabtaka, kuma duk filin ya ɗan zauna da ni, bai fi kaurin yatsa ba amma har cikin cikina na ji shi. Na waiga na ga wata siririyar tsaga ta tashi daga bakin sikina ta yi mita goma sha zuwa wajen wani ɗan itace, dusar da ke kan rassansa ta zubo. Shimfiɗar mai rauni ce ta rushe iskar da ke cikinta ta fita. Filin bai da gangaren da zai sa ta tafi, shi ya cece mu, amma gangaren da muka nufa yana gabanmu da tafiyar minti ashirin kuma dusa iri ɗaya ce a kansa. Babu wanda ya yi musu, muka sha shayinmu a nan muka koma ta sawunmu.

Amma fa ka riƙe wannan da kyau, rashin jin ƙara da rashin ganin tsaga baya nufin lafiya. In raunin ya yi zurfi, mutum goma suna iya wucewa babu abin da ya faru, na sha ɗaya ya taka inda farantin ya fi siriri, kusa da wani dutse da ya ɗan ɓuya, ya tafi da gangaren gaba ɗaya har da sawun goman farko. Wannan ita ce amsar maganar abokinka cewa an riga an taka hanya.

Za ka ga wasu suna haƙa rami suna gwaji, nima ina yi. Ana yanke ginshiƙin dusa santimita 30 a 30, a ɗora shebur a kansa a buga sau goma daga wuyan hannu, goma daga gwiwar hannu, goma daga kafaɗa, a ga a bugu na nawa ya karye kuma yaya karayar take, in ta zame sumul kamar an jawo durowa abin ya munana. Akwai mai faɗin santimita 90 wanda ke nuna ko karayar za ta yi gudu zuwa ɗaya gefen. Yana koyar da mutum sosai, ina so wata rana ka sa hannunka cikin sukarin nan ka ji da kanka. Sai dai ramin labarin inda aka haƙa shi kaɗai yake bayarwa, mita goma gefe abin yana iya bambanta. Ni dokar da na ɗora wa kaina ita ce rami yana iya hana ni hawa, amma bana barin rami ya ba ni izinin hawa inda sanarwa ta ce akwai matsala.

Gangare, abin da za ka iya aunawa

Tunda cikin dusa ɓoyayye ne ko ga waɗanda suka tsufa a harkar, sai mu koma ga abin da baya ɓuya kuma baya sauyawa daga safe zuwa yamma, wato tsayin gangare. Farantin nan kusan baya ɓallewa a inda bai kai digiri 30 ba, yawanci tsakanin 30 da 45 ne, ya fi yawa wajen 35 zuwa 40. Ido yana ruɗi sosai a nan, sabon zuwa yana ganin 25 ya ce 40, wanda ya saba kuma yana raina 35. Ka shiga shafin Géoportail na hukumar taswira IGN ka kunna taswirar gangare, za ta shafa wa 30 zuwa 35 rawaya, 35 zuwa 40 ruwan lemo, 40 zuwa 45 ja, abin da ya wuce haka shunayya. Ka ɗora hanyar da za ku bi a kai tun daren Asabar kana zaune a ɗakinka. A fili kuma da sandunanka biyu za ka iya aunawa, ka kwantar da ɗaya a kan dusa tsininta na sama mariƙinta na ƙasa ta bar shaida, ka ɗaga mariƙin tsinin yana inda yake, ka haɗa mariƙin ta biyu da shi ka bar ta ta reto a tsaye har ta taɓa dusa. In ta sauka daidai ƙarshen shaidar 30 ne, in ta wuce ta ƙasa ya fi 30.

Ga inda masu raket suka fi shiga uku. Mutum zai ce ai ni a kwance nake tafiya cikin kwari, bai ɗaga kai ya ga abin da ke samansa ba. Karayar da ka tayar a fili tana iya hawa ta ƙarƙashi ta ɓalle gangaren da ke kanka, ko wasu da ke sama su sako maka shi, kuma zaftarewa tana gudu nesa cikin fili kafin ta tsaya. Saboda haka a taswira ka duba launin da ke saman hanyarku kamar yadda kake duba na kan hanyar. Ka duba ƙasa ma, in an kwashe ka ina za a kai ka? Kwazazzabo ko rafin da ya yi zurfi yana tara dusa mita uku huɗu a kan mutum ko da zaftarewar ƙarama ce, itatuwa da duwatsu kuma karya mutum suke yi. Ranar 23 ga Janairu 1998 a doron Lauzet kusa da Les Orres a nan Faransa, dusa ta zaftaro wa wata tawaga, 'yan makaranta ne a kan raket irin wanda za a ba ka, mutum 11 suka rasu, 9 yara ne. Duk wanda ke fita da sababbi a ƙasar nan ya san wannan rana.

Wani jagoran dutse ɗan Suwizalan, Werner Munter, shi ya yaɗa tsarin duba abu uku sau uku, yanayi da dusa, siffar ƙasa, da mutanen da ke tafiyar, a duba su a gida, a sake dubawa in an isa wurin, a sake dubawa a gaban kowane gangare. Ga sabon shiga abin da ake koyarwa a taƙaice shine a mataki na 2 kada ka kai 35, a na 3 ka tsaya ƙasa da 30 kuma ka nisanci gindin masu tsayi, a na 4 ka zauna inda aka tsare. Kuma kada ka tsaya kan lambar kaɗai, sanarwar tana da zanen da ke nuna gefen da ya fi haɗari da tsayin da abin ya fara, misali arewa da gabas daga mita 2000, da irin matsalar ranar, ko sabuwar dusa ce ko ta iska ko tsohon rauni ko jiƙa. In ka ga an ambaci tsohon rauni da ke binne ka ƙara nisa da gangare.

Na ukun nan, wato mutane, shi na fi jin tsoro a kanka. Kai baƙo ne, an gayyace ka, kuma mu an tarbiyyantar da mu da kunya da kara, baka so a ce ɗan Afirka ya ji tsoron dusa ya ɓata wa mutane fita. Na san wannan nauyin don na ɗauke shi shekarata ta farko, na bi mutane wuraren da yau ko da kuɗi ba zan bi ba, Allah ne kawai ya tsare. Ka tambaye su kai tsaye wa ya karanta BRA, me ta ce, ina ne wurin da ya fi tsayi a hanyar, kuma a ina za a juya in abu bai yi ba. Wanda ya san dutse zai ji daɗin tambayar ya buɗe maka taswira, wanda ya yi dariya ya ce kar ka damu shi ne wanda ba za ka bi ba.

Kayan ceto

Kowa a tawaga sai ya rataya na'urar DVA, wadda ke aika sigina don a gano inda dusa ta binne mutum, a jikinsa ƙarƙashin riga, a kunne, da sandar bincike mai haɗe-haɗe da shebur na ƙarfe a jaka. Na'urorin duk suna magana da juna a kan zangon rediyo ɗaya, 457 kHz, kuma waya tana rikita su, ka raba wayarka da na'urar da aƙalla santimita 20, in kana nema kuwa rabin mita. Dalilin da ya sa dole kowa ya riƙe shine lokaci. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko, in bai ji mummunan rauni ba, kusan tara cikin goma suna rayuwa, in an wuce minti 35 abin ya faɗo wajen ɗaya cikin uku, numfashi ne ke ƙarewa. Za ka kira 112, jandarmomin dutse na PGHM ko 'yan uwansu za su taso da jirgi mai saukar ungulu, amma da wuya su iso cikin wannan ɗan lokaci, abokan tafiyarka su ne masu tono ka.

Ranar da na fara gwaji an binne jaka da na'ura a zurfin mita ɗaya, na same ta da wuri ina murna, sai aka ce toh tono. Dusar da ta zaftaro in ta tsaya ba irin wadda ka sani ba ce, tauri take yi kamar busasshiyar laka, sai ka sara ka ɓanɓaro, kuma don ka kai ga mutum a zurfin mita guda kusan tan ɗaya za ka kwashe ko fiye. Kafin in kai ga jakar hannuwana suna rawa, gumi ya jiƙa ni cikin sanyin da ya wuce sifili, malamin yana tsaye da agogo yana faɗin mintuna. Tun ranar na daina kallon na'urar a matsayin kariya, bata hana a binne ka, kuma wasu tun kafin dusar ta tsaya dutse ko itace ya riga ya gama da su. In za a ratsa wurin da ake shakka ɗaya bayan ɗaya ake yi, sauran suna tsaye a wuri amintacce idonsu a kan mai wucewa.

Toh batun Lahadi. Daga nan inda nake zaune ba zan iya yanke hukunci kan gangaren da ban gani ba, kuma kafin Lahadi iska ɗaya ta dare tana iya sauya komai. Amma da abin da ka faɗa min, mataki na 3, Belledonne mai kwaruruka da gangare masu tsayi, kai baka taɓa riƙe DVA ba, mai jan tafiyar kuma yana kiran 3 tsaka-tsaki yana kafa hujja da sawun mutane, ni dai da ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya zan ce kada ya je wannan. Ka ba su shawara ku juya akalar zuwa Vercors, wajen Autrans akwai filin Gève da hanyoyin raket masu alama cikin daji, ƙasa a kwance, dusa har gwiwa, za ka ɗauki hotunan da za ka tura Maradi su yi ta mamaki. Ko can ɗin ku tsaya kan hanyar da aka sa wa alama. Sannan ka nemi reshen kulob ɗin masu hawa dutse Club Alpin Français na Grenoble ko ka duba ranakun horon ANENA ka yi kwas na yini ɗaya kan na'ura da shebur kafin sanyin nan ya wuce. In kuma sun nace sai Belledonne, ka karɓi sunan hanyar da wurin da za su ajiye mota ka turo min ranar Asabar bayan la'asar in sanarwa ta fito, mu buɗe taswirar tare mu ga launin da ke samanta. Ka sayi safar hannu mai kauri kafin nan, ta ulu da ake sayarwa a kasuwa jiƙewa take yi cikin minti goma.